Shin da gaske sojojin Sikotilan sun shiga yaƙi sanye da kilt?

Tela, Garwa:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Sana'ata ɗinki ce, tambayata ma ta ɗinki ce, ko da yake ta taɓo tarihi. A watan Satumba na 2022, lokacin da ake nuna jana'izar Sarauniya Elizabeth ta Ingila a talabijin, na ga ƙarti majiya ƙarfi ɗauke da akwatin gawar a birnin Edinbura, kowannensu sanye da wata tufa mai kama da siket, iya gwiwa, mai layukan da suka gitta juna, wadda aka ce sunanta kilt. A lokacin na ɗauka kayan biki ne kawai. To, kwanan nan yarona da ke makarantar sakandare ya nuna mini wani hoto na Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda sojoji ke tsaye cikin rami, taɓo har ƙauri, gwiwoyinsu a waje, sanye da irin wannan tufar. Gardama ta kaure a shagona: wasu sun ce shirya hoton aka yi, domin babu hukumar da za ta tura soja fagen fama babu wando, balle a ƙasar da ruwa ke daskarewa saboda sanyi.

Abin da nake son masana su warware mini shi ne, shin da gaske da shi suke yaƙi? Idan haka ne, yaya suke zaman yau da gobe a cikinsa? Sannan, a matsayina na mai almakashi, ina son sanin yawan yadin da yake ci da yadda ake ɗinka shi.

Malamin tarihi, Marwa:

Wa alaikumus salam, Malam Tela. Ka gaya wa abokan gardamarka cewa hoton ba shiri ba ne. Sun shiga yaƙi da kilt, sun kwana da shi a cikin ramuka, da yawa daga cikinsu ma da shi aka binne su. Sai dai ba kowane sojan Sikotilan ne ke sa shi ba. Tufar mutanen tsaunukan arewacin ƙasar ce, saboda haka rundunonin da ake dangantawa da can su ne masu ita, wato Black Watch, da Gordon, da Seaforth, da Cameron, da kuma rundunar Argyll da Sutherland. Rundunonin kudancin ƙasar, irin su Royal Scots, wando suke sawa kamar kowa.

Asalinsa wani babban mayafi ne na ulu, wanda mutum zai naɗa a ƙugu ya ɗaure da ɗamara, ragowar ya yafa a kafaɗa, idan dare ya yi kuma ya lulluɓa da shi. A farkon ƙarni na 18 ne aka fara yanke rabin sama, ana sa na ƙasa shi kaɗai. Yadda ya zama kayan soja kuwa, labarin tawaye ne. A 1746 gwamnatin Birtaniya ta murƙushe tawayen mutanen tsaunuka a fagen Kuloden, ta kuma kafa dokar da ta haramta musu sa tufafinsu na gargajiya: wanda aka kama karon farko, ɗaurin wata shida, karo na biyu kuwa a kore shi ƙetaren teku na shekara bakwai. Amma dokar ta ware sojojin sarki. Har zuwa 1782 da aka soke ta, saurayin da ke son ya sa tufar ubansa ba tare da tsoron hukuma ba, hanyarsa ita ce ya shiga soja. A ganina nan ne tushen maganar duka, domin tun daga lokacin kilt ya zama alamar runduna, kowace da kalar layukanta, har ta kai a 1914 da yawa daga cikin masu sa shi leburorin masana'antu ne daga Gilasgo da Dandi, waɗanda ba su taɓa ɗaura shi ba sai ranar da aka ba su a bariki.

Game da ɗinki, na soja yana cin yadi bakwai zuwa takwas na ulu mai kauri, nauyinsa kuma yakan kai kilo biyu tun bai jiƙe ba. Gabansa shafe yake, falle biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Duk sauran yadin a baya yake ƙarewa, ninki a kan ninki, sama da ashirin, kuma da hannu ake ɗinke su daga ƙugu zuwa kwatangwalo, daga nan a sake su su riƙa lilo. Ba a kalmasa bakinsa na ƙasa, ainihin gefen saƙar ake bari. Na soja yana hawa har kusa da haƙarƙari. Ba shi da aljihu ko ɗaya, shi ya sa suke rataya wata jakar fata a gaba.

Kada a ɗauka a ƙasar sanyi kawai suka sa shi. A 1898 rundunonin Cameron da Seaforth sun yi yaƙi da shi a Sudan, a Atbara da Omdurman, ƙarƙashin janar ɗin Birtaniya Kitchener. Inda ya fara nuna aibinsa ƙarara shi ne Afirka ta Kudu, a Magersfontein, cikin Disamba na 1899. An kashe Wauchope, kwamandan rundunonin masu kilt, tun da asuba, sojojin suka wuni kwance rub da ciki a fili, ba halin ɗaga kai saboda harbin Buwa, wato Turawan ƙasar da ke yaƙi da Birtaniya, rana ta ƙone bayan gwiwoyinsu har suka yi bororo, ga kuma duhun yadin yana tona asirin inda kowa yake kwance. A wannan yaƙin ne aka riƙa ɗaura masa walki na kaki a gaba, daga baya aka mai da shi mai zagaye kilt ɗin duka, da aljihu a gaba maimakon jakar fata. Idan ka sake duba hoton yaronka, mai yiwuwa wannan walkin za ka gani, ba layukan ba.

Don kada wani ya tambaya: a yaƙin da aka yi a nan gida Kamaru, wanda Garwa ta faɗi a Yuni na 1915, Jamusawan dutsen Mora kuma suka miƙa wuya a Fabrairu na 1916, babu rundunar masu kilt. Sojojin Ingila na nan baƙaƙen fata ne daga Najeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, tare da na Faransa da suka gangaro daga Cadi.

Ma'aikaciyar jinya, Gaundare:

Malam ya yi bayanin tarihi, ni kuma bari in taɓo abin da ya shafi jiki, domin nan ne aikina.

Babbar masifar sojan rami ita ce ƙwarƙwata, irin wadda ke zama a cikin tufafi, ba a gashin kai ba. Ba ta kwana a fata. A cikin ɗinki da lungun ninki take ɓuya, can take zuba ƙwai, sai idan za ta sha jini ta fito. Malam Tela, kai da kanka ka lissafa yawan lungunan da ke cikin tufa mai ninki sama da ashirin, kowanne da zurfinsa, ga ulu mai riƙe ɗumin jiki. Abin da sojan ke yi idan ya sami sarari shi ne ya kwance kilt ɗin, ya shimfiɗa a cinya, ya kunna guntun kyandir, ya riƙa buɗe ninkin ɗaya bayan ɗaya yana bin sa da harshen wuta, yana jin ƙwan suna fashewa, waɗanda suka tsere kuma ya murƙushe da farce. Kafin ya gama ninki na ƙarshe kyandir ya ƙare, bayan mako guda kuma ƙwan da wuta ba ta kai gare su ba sun ƙyanƙyashe. Idan an janye su baya hutu, akan kai su wanka, wani lokaci a cikin manyan tankunan masana'antar giya da aka cika da ruwan zafi, a turara tufafinsu, amma da zarar sun koma kan ciyawar da wasu suka kwana, sai a koma gidan jiya. Kuma abin bai tsaya ga ƙaiƙayi ba. Ƙwarƙwata ce ke yaɗa zazzaɓin da aka laƙaba wa sunan zazzaɓin rami, mai zuwa da ciwon ƙashin ƙauri, ya tafi ya dawo bayan kamar kwana biyar, kuma sai a 1918 likitoci suka tabbatar da cewa ita ce silarsa.

Na biyu, taɓo. Ulu yana shan ruwa sosai, saboda haka kilt ɗin da ya jiƙe ya kuma kwashi laka yakan ninka nauyinsa, ga bindiga da harsasai da jaka. Idan sanyi ya tsananta, gefensa na ƙasa yakan daskare ya yi tauri, ya riƙa gurzar bayan gwiwa a kowane taku har fata ta tsage. Rauni a buɗe, a cikin ƙasar gona da aka shekara ana zuba mata taki, a zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na yanzu, ba ƙaramin hatsari ba ne. Ban ma yi maganar waya mai ƙaya ba, wadda ke kama yadi mai lilo ta riƙe mutum a daidai wurin da ake harbi.

Na uku, kuma shi ya fi muni, iskar guba. Wadda aka fara saki a 1915 huhu take kamawa, abin rufe fuska yana maganinta. Amma a Yuli na 1917, kusa da garin Ipir na Beljiyam, Jamus ta fito da wata mai maiƙo wadda ke cin fata. Takan kwanta a ƙasa ta yi kwanaki, ba a jin zafinta nan take sai bayan sa'o'i, sannan fata ta kumbura ta yi manyan ƙuraje masu ruwa, kuma ta fi ɓarna a wuraren da ke gumi, kamar hammata da matsematsi. Wando ma bai hana ta gaba ɗaya ba, balle wanda cinyarsa ke buɗe ga duk abin da ya taso daga ƙasa. Ra'ayina shi ne manyan hafsoshi sun yi jinkirin janye wannan tufar daga fagen fama, kuma ƙananan sojoji ne suka biya kuɗin jinkirin da fatarsu.

Tsohon soja, Injamena:

'Yata, duk abin da kika lissafa gaskiya ne, amma kin dubi abin da idon asibiti, inda ba a kawo miki sai wanda ya jikkata. Ni na sa kaki shekaru masu yawa, bari in faɗi ɗaya gefen.

Wanda bai taɓa wuni da jiƙaƙƙen wando ba, ba zai gane dalilin da ya sa wasu sojojin suka fi son kilt ba. Wando idan ya jiƙe manne wa fata yake yi, ya riƙa zuƙe ɗumin jiki har dare. Mai kilt kuwa idan ya zo inda ruwa ya kai cinya, sai ya tattare shi sama ya ratsa, ya goge ƙafafu, ya sake shi a bushe. Cikinsa da bayansa kullum a naɗe suke da ulu ninki-ninki, kuma duk soja ya san idan ciki ya yi ɗumi, sanyin gwiwa mai sauƙi ne. A doguwar tafiyar ƙasa babu gurzar cinya, wajen biyan buƙata ma ya fi sauri, kuma wannan ba abin dariya ba ne ga wanda zawo ya kama a cikin rami. Ƙwarƙwata kuwa ba ta bar masu wando ba. Haka ciwon ƙafar da ke zuwa daga tsayuwa cikin ruwan sanyi, kowa ya sha shi, shi ya sa aka tilasta duba ƙafafu kullum, a shafa man kifin teku, a sauya safa.

Mutane suna zaton kullum a cikin harbi soja yake. A waɗancan ramukan, kafin ketowar alfijir kowa zai miƙe da bindigarsa ya fuskanci abokan gaba, domin lokacin ake kawo hari, haka kuma da faɗuwar rana. Bayan nan a raba ɗan abin sha mai ƙarfi da hukumarsu ke bayarwa saboda sanyi, a dafa shayi, a ci biskit mai tauri da naman gwangwani, a goge bindiga. Rana ta barci ce da rubuta wasiƙa da farautar ƙwarƙwatar da kika ambata. Aiki na dare ne: gyaran waya, cika buhunan ƙasa, ɗauko ruwa da abinci daga baya, sintiri. Bayan 'yan kwanaki a janye su baya, wasu su karɓa. Albashin ƙaramin soja sule ɗaya ne a rana. To, me ke riƙe mutum a irin wannan zama? Ba albashin ba ne, ba kuma jawabin manya ba. Kunyar abokan da kuke ci a kwano ɗaya ce, da sunan rundunar da ba ka so a ce a kanka ya zube. Idan tufa ta zama ita ce fuskar wannan sunan, hafsan da zai ce a tuɓe ta sai ya yi tunani sau biyu. Haka algaitarsu mai jakar iska take. A yaƙin Loos, ranar 25 ga Satumba 1915, iskar guba ta rikita wata bataliya, sai mai busa Daniel Laidlaw ya hau bakin rami yana kaiwa da komowa yana busa har mutanen suka fito, aka ba shi lambar yabo mafi girma ta Birtaniya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin sojojin da suka bi Leclerc, kwamandan Faransa, daga nan Cadi suka ratsa Fezan ta Libiya, suka isa Tarabulus a ƙarshen Janairu na 1943, 'yan kwanaki bayan runduna ta 51 ta mutanen tsaunukan Sikotilan ta shiga birnin. Abin da ya gaya mana shi ne sojojinsu wando da riga suke sawa irin na sauran Ingilishi, masu busa da masu ganga ne kawai ya gani da kilt. Ya ce da farko shi da abokansa sun yi ta ƙyaƙyata dariya a ɓoye, amma da suka ji cewa waɗannan mutanen ne suka taho da yaƙi tun daga Alamain ta Masar, sai kowa ya kama bakinsa.

Tela, Garwa:

Allah ya saka da alheri, Malam, da Hajiya, da Baba. Yadi takwas a jikin mutum ɗaya, kuma duk a tattare a baya, lalle wannan aiki ne na mai haƙuri. Maganar Baba ta nuna cewa a 1943 an riga an daina yaƙi da shi, to yaushe aka daina? Sannan a gafarce ni, akwai tambayar da yaran shago suka matsa in yi: wai da gaske ba sa sa komai a ƙarƙashinsa?

Malamin tarihi, Marwa:

Babu laifi, Malam Tela, tambaya ce da kowa ke yi. Al'adar rundunonin ita ce ba a sa komai a ciki, sai doguwar riga da ke sauka ta rufe. Amma a lokacin sanyin ramukan Faransa an riƙa raba musu gajeren wando na ulu, musamman idan likitan bataliya ya ga hali ya yi. Bayan yaƙin ma hukuma ta yi ƙoƙarin ceton tufar daga matsalar da Hajiya ta bayyana: a cibiyar binciken makamai masu guba ta Porton Down an gwada dogayen safa da wandunan ciki da aka jiƙa da magani, aka ga abin ba zai yiwu ga dubban mutane ba.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sai ma'aikatar yaƙi ta yanke cewa kilt ba kayan fagen fama ba ne, kowa ya koma sabon kaki na bai ɗaya. Tsoron iskar guba na cikin dalilan, haka tsada da wahalar ɗinka shi ga runduna mai yawa, ga kuma yaƙi ya koma na shiga mota da fita. Rundunonin sun yi ƙorafi sosai. Bataliya ta ɗaya ta Cameron ba ta rabu da nata ba har faɗan da aka yi a Faransa a watan Mayu na 1940, kuma ita ake ɗauka a matsayin bataliya ta ƙarshe da ta yi yaƙi da shi gaba ɗayanta. Tsakanin Baba da Hajiya, ni na fi karkata ga Hajiya idan ana maganar bayan 1917, amma kafin nan hujjar Baba tana da ƙarfi. Abin ya yi kama da lifidin dawakin lamiɓenmu, wanda ya yi amfani a zamanin kibiya da mashi, da ya gamu da bindiga mai ruwan harsashi a Marwa a 1902 sai ya koma kayan hawan salla.

Bayan 1940 sai ɗaiɗaiku. Wasu 'yan kundumbala daga rundunar Liverpool Scottish sun sa shi a harin da aka kai tashar jiragen ruwa ta San Nazer da ke Faransa a Maris na 1942. Ranar 6 ga Yuni 1944 kuma, da sojojin ƙawance suka sauka gaɓar Normandi, Bill Millin, mai busar kwamanda Lord Lovat, ya ratsa ruwa sanye da kilt ɗin da mahaifinsa ya sa a yaƙin farko, yana busa, alhali dokar soja ta hana busa a bakin daga. A 2006 an haɗe rundunonin ƙasa na Sikotilan suka zama runduna ɗaya, aka kuma ba kowa kilt a matsayin kayan fareti, har da zuriyar rundunonin kudu da a da wando suke sawa. Da aka tura su Iraki da Afganistan kuwa, kakin yaƙi irin na sauran sojojin Birtaniya suka sa.